Bokitin da Aka Zargi Kaka a Kansa

Akwai wata mata a Madarumfa, sunanta Ramatu, Kirista ce, tana noman albasa a garkarta ta bakin tafki. Mijinta Habibu ya tafi ci-rani Najeriya, ya bar ta da ɗiyarsu Arziki da kuma tsohuwarsa Kande. Ita Kande ba ta taɓa barin addinin gargajiya na iyayenta ba, kuma Ramatu ba ta taɓa hana ta tuwo saboda haka ba.

Wata safiya Ramatu ta ga jini a bokitin da Arziki ke fitsari. Yarinya tana ta ramewa, lakwal ma, wato makarantar boko, ta daina zuwa.

A satin nan wani baƙo ya zo daga tsallaken iyaka, yana cewa shi mai annabci ne. Ranar Lahadi aka ba shi wuri a majami'a. Da Ramatu ta kawo yarinya a yi mata addu'a, sai ya tambaye ta su wa ke gidan. Tana ambaton Kande, ya rufe ido ya ɗaga murya.

"Na gani! Tsohuwar nan ce ke shan jinin jikarta. Ki fitar da ita daga gidan, ki kawo akuyarki baiko, yarinya za ta tashi."

Amma Ramatu ta ce, "Malam, ka gafarce ni, ni karatuna kaɗan ne. A ina Ubangiji ya ce a jefar da uwa a titi? Ni abin da aka koya mini, a girmama ta."

"Gardama kike da Ruhu?"

"A'a, da kai nake magana."

Kafin la'asar labari ya cika unguwa. Balaraba, shugabar zumuntar mata, ta biyo ta har gida. "Haba Ramatu! Ɗiyarki ko tsohuwar da ko Amin ba ta iya cewa? Kai ta garin Gabi wurin danginta mana, ki huta."

Kande tana ɗaki tana ji. Da Ramatu ta shiga kai mata fura, ta tarar ta ƙulle tsummokaranta a zane.

"Inna, ina zuwa?"

"Gabi. Kar a kore ki daga wurin Allahnku saboda ni. In tafiyata ce za ta ta da Arziki, ai da rarrafe ma sai in tafi."

Ramatu ta fizge ƙullin ta cusa ƙarƙashin gado. "Babu inda za ki. Ke kika yanke mata cibi, ke kika goya ta ina garka. Gobe tare za mu kai ta gidan likita, ke za ki riƙe ta a amalanke."

Ta durƙusa ta yi addu'a, kuma ba ta ɓoye wa Allah tsoronta ba. In yarinyar nan ta mutu, duk garin zai ce ita ta kashe ta da taurin kai.

A gidan likita aka auna fitsarin. Lokotoro ya ce, "Tana shiga tafki?"

"Kullum. Ita ke ɗebo mini ruwan ban albasa, in ta gama ta yi wanka."

"To tsargiya ce. Ruwan ne, ba mutum ba. Ga ƙwayoyi, ta ci abinci ta sha, kuma ta bar shiga ruwan nan."

Sannu a hankali jinin ya ɗauke, Arziki ta koma lakwal. Shi kuwa baƙon ya riga ya wuce wani gari, da awakin waɗanda suka ba shi.

Ranar Lahadi a lokacin shaida Ramatu ta miƙe. Ta ce Allah ya ji kukanta ta hannun lokotoro. Ta ce baikonta na bana shi ne nonon akuyar nan, kuma tsohuwar da aka ce ta kora ce za ta sha. Fasto Sani ya tashi ya roƙi gafarar jama'a, don shi ya ba baƙon wuri bai bincika ba.

Da aka tashi, matan zumunta suka bi Ramatu gida, Balaraba a gaba, kanta a ƙasa. Suka tarar da Kande a tabarma tana yi wa Arziki kitso.

"Inna, mun zo gaishe ki," in ji Balaraba.

Kande ba ta ɗaga kai daga kitson ba. "Ku matso kusa mana. Ko tsoro kuke in cinye ku? Ni da ko ƙosai sai an jiƙa mini."

Darasi: Ba duk mai rufe ido ya ce "na gani" Allah ya aiko ba. Annabcin da zai raba ki da tsohuwarki ya kuma tafi da akuyarki, ki tsaya ki tambaya. Ki yi addu'a, ki kai ɗanki likita. Don Allah ku tura wa sauran iyaye, wata tana can da irin bokitin nan ba ta san wa za ta gaya wa ba.