Tsagar da Fadilu Ya Goge

Akwai wani mai ɗaukar hoto a garin Gure, kusa da tashar mota, sunansa Fadilu. Shagon da yake aiki a ciki ba shi ya kafa shi ba. Na kawunsa ne, Baba Illa, wanda ya shekara arba'in yana ɗaukar hoton mutanen Gure da ƙauyukanta, tun zamanin da mai hoto ke lulluɓe kansa da baƙin ƙyalle.

Duk wanda ya tashi a garin a lokacin yana tuna wannan shago. Akwai labule a bango mai zanen jirgin sama da itatuwan dabino, da kujerar ƙarfe guda ɗaya, da wata rediyo da ba ta magana, sai dai a riƙe ta don ado. Ranar Salla layi har bakin titi. In hoto ya fito da tabo, Baba Illa sai ya fere fensir, ya ɗaga fim ɗin ga hasken taga, ya yi ta taɓa shi a hankali kamar mai sa wa jariri kwalli. A gabansa Fadilu ya koyi riƙe kyamara.

Da Fadilu ya je Damagaram ya yi shekara biyu, sai ya dawo da ordinatar, wato kwamfuta, da wani allon zane mai alƙalaminsa. Kana zana a kan allon, layin yana fitowa a jikin hoton. In ka danna da ƙarfi ya yi kauri, in ka sassauta ya yi siriri. Ya kuma dawo da wani abu da ba a saya masa ba, wato jin kai.

"Baba, ka huta haka nan," in ji shi. "Aikin yanzu na na'ura ne. Zamanin fensir ya wuce."

Ya naɗe labulen jirgin ya jefa bayan ƙofa. Baba Illa ya miƙe. Ya ɗauki tabarmarsa ya koma gindin dogon yaro a tsallaken titi, inda yake iya hango shagon. Shekara uku yana nan, Fadilu yakan gaishe shi da safe, amma bai taɓa cewa ya leƙo ba.

Wata ranar kasuwa, da hantsi, wata tsohuwa daga Bune ta shigo shagon, 'yarta Rahama tana riƙe da hannunta. Ya Hamsatu ake ce mata. Ta kwance bakin zanenta ta fito da wani ɗan hoto da ruwan damina ya taɓa, gara kuma ta ci gefensa. Duk fuskar ta tsattsage.

"Ɗana, maigidana ne, Allah ya jiƙansa. Ba ni da wani hotonsa sai wannan. Likita ya ce idona ɗaya ya tafi, ɗayan ma yana bin sa. Ina son ka gyara shi, ka yi mini babba, in gan shi da kyau tun ina gani."

Rahama ta ce motar Bune za ta tashi bayan la'asar, kuma da wuya tsohuwar ta sake iya wannan tafiya.

"Ƙaramin aiki ne, Inna," in ji Fadilu. "Ku je ku ci kasuwa ku dawo."

Ya saka hoton cikin na'ura, ya ɗauki alƙalami. A nan allon ya ce bai san zancen ba. Ya ja layi, layin ya tsinke a tsakiya. Ya sassauta hannu, babu abin da ya fito. Ya ɗan danna, sai baƙin tabo kamar an zubar da tawada. Dama kwana biyu yana yi masa haka, yana sharewa.

Ya zare waya ya mayar. Ya sauya mata rami. Ya kashe ordinatar ya kunna. Ya cire ɗan shirin da ke haɗa allon da na'urar, wanda suke kira pilot, ya sake saka shi. Ya shiga wajen saitin nauyin hannu ya ja sama, ya ja ƙasa. Har aka kira azahar yana abu ɗaya, gumi ya jiƙa masa riga.

Da ya ga lokaci na tafiya, sai ya ture allon ya kama linzamin ordinatar. A cikin shirin gyaran hoton akwai wani maɓalli da ke share duk wani karce da kansa. Ya danna shi sau uku. Fuskar ta fito sumul, ba tabo ko ɗaya. Ya buga ta a babbar takarda, yana jin daɗin kansa.

Ya Hamsatu ta dawo. Ta karɓi hoton da hannu biyu, ta kai shi dab da idonta mai gani, ta daɗe tana dubawa. Sai ta miƙa masa a hankali.

"Ka ba ni na wani, ɗana."

"Shi ne, Inna. Ga hularsa, ga rigarsa."

"Rigar tasa ce. Amma ina tsagarsa? Idirisa Bamange ne. Wannan mutum ban san shi ba."

Fadilu ya sake duban tsohon hoton. Layukan da ya ɗauka duk karce ne, rabinsu tsagar gado ce a kumatun mutumin. Na'ura ba ta san bambanci ba, shi ma bai tsaya ya duba ba. Ya so ya gyara, amma a kuncin hagu ruwa ya haɗe tsaga da tsagewar takarda, ba mai iya raba su sai wanda ya san fuskar. Ya juya bayan hoton. Akwai hatimi da ya koɗe, amma yana karantuwa: Foto Illa, Gure.

Titin nan bai fi taku ashirin ba, amma Fadilu bai taɓa jin nisansa ba sai ran nan. Ya durƙusa bakin tabarma.

"Baba, na yi ɓarna. Ka zo ka taimake ni."

Tsohon bai yi masa gori ba. Ya sa takalmansa ya biyo shi. Yana ganin hoton ya yi murmushi.

"Idirisa mai kanwa. Da raƙuma uku ya zo ran nan, ya ɗaure su a jikin bishiyar can. Ya ƙi riƙe rediyo, wai kada a ce yana ƙarya da kayan wani."

Ya Hamsatu ta yi dariya, hawaye na zubo mata. "Shi ne, wallahi. Haka yake."

Fadilu ya gaya masa duk abin da ya gwada. Baba Illa ya ce ya ja layi ya gani. Bai kalli na'urar ba, kunne ya kasa. Sai ya karɓi alƙalamin ya shafa bakinsa da babban yatsa.

"Ba ka jin yana karce allon? Bakin ya cinye, ya koma gefe ɗaya. Rairayin garin nan ko ƙarfe ci yake. Yaushe rabonka da share allon?"

"Ai wannan ba a fere shi, Baba. Sai an aika Damagaram."

"Wanda ya ƙera alƙalami ya san bakinsa zai ƙare. Me da me ya zo da shi?"

Fadilu ya nuna wata 'yar baƙar ma'ajiya da ake soke alƙalamin a ciki, wadda ya mayar abin danne takardu. Tsohon ya ɗauke ta ya girgiza kusa da kunnensa. Wani abu ya yi ƙara. Ya murɗe gindinta, sai ga sababbin bakuna a jere, da ɗan zoben ƙarfe na zare tsohon. Shekara uku suna kan teburin.

Aka sauya baki, aka share allon da ƙyalle. Layi ya fito yadda hannu ya so.

Baba Illa ya zauna. Da farko ya sha wuya, don hannu na ƙasa ido na sama. Fadilu ya tsaya a bayansa yana ƙara masa girman fuskar, yana goge inda hannun ya kauce. Kaɗan kaɗan tsohon hannun nan ya tuna aikinsa. Ya ja tsagar dama, ya dawo hagu. Da ya zo ta ƙarshe sai ya ɗan karkata ta wajen kunne.

"Baba, wannan ta karkace."

"Haka take. Ya ce mini ya motsa ne a hannun wanzami."

Aka buga hoton ana kiran la'asar. Ya Hamsatu ta kai shi ga idonta, ta bi layukan da yatsa ɗaya bayan ɗaya. Da yatsan ya iso kan karkatacciyar, sai ya tsaya.

"Baban Rahama," ta ce a hankali. "Ashe zan sake ganinka."

Ba a yi wata huɗu ba idon ya rufe gaba ɗaya. Rahama ta ce hoton yana rataye a ɗakinta, kuma har yau in baƙo ya shigo takan nuna masa wajen, ta ce ya duba tsagar ƙarshe a kuncin hagu.

Shi kuwa Fadilu, a yammacin ranar da aka gyara hoton ya ɗauko labulen jirgin ya kakkaɓe ya mayar bango. Ya tsallaka titi ya naɗo tabarmar da hannunsa, ya shimfiɗa ta kusa da teburin.

Darasi: Sabon kayan aiki yana sa hannu sauri, amma ba ya sanin mutane. Kada ka kori wanda ya riga ka a sana'a don ka iya abin da bai iya ba, akwai ranar da abin da ke kansa kaɗai zai fisshe ka. In kana da dattijon da ya koya maka aiki, ka je ka gaishe shi yau, sannan ka tura wannan labari ga wani ya karanta.