Waliyyin da Ya Sha da Hagu

A zamanin da, a wata ƙasa, akwai hubbaren wani waliyyi, Shehu Maiturare. Malam Tanimu ke share shi, kamar yadda ubansa da kakansa suka yi. Wata rana ruwan sama ya zubar da katangar hubbaren, sai ga tsohon dinari a cikin ƙasa, da surar mutum mai rawani yana kai ƙoƙo baki. Tanimu, bawan Allah, ya ruga fada da murna, wai ya samo fuskar Shehu.

Liman Jatau ya karɓa, ya juya dinarin, sai ya rafka salati.

"Allah ya ba ka nasara, ai da hagu yake sha! Wane waliyyi ne zai sha da hagu? Wannan boka ne, giyar tsafi ce a hannunsa. Ashe shekara da shekaru kabarin matsafi muke ziyarta!"

Sarki ya ce gobe a rushe hubbaren, a kori Tanimu da iyalinsa daga ƙasar.

Waziri Giɗaɗo, mutumin da ko gobara ba ta sa shi sauri, ya faɗi ya yi gaisuwa.

"Ranka ya daɗe, a kira maƙeri tukuna."

Aka kawo tsohon maƙeri, Nomau. Waziri ya sa aka miƙa wa Liman ruwa, ya sha da hannun dama, kowa na kallo. Waziri ya ce wa Nomau, "Sassaƙa shi yadda ka gan shi."

Nomau ya sassaƙa a guntun katako, ya danna a ɗanyen yumɓu, ya ɗaga. Ga Liman da rawaninsa, ƙoƙo a hannun hagu!

Sarki ya miƙe zumbur. "Kai, me ka yi?"

"Haka hatimi yake, ranka ya daɗe. Hannun dama hagu yake komawa. Wanda ya buga dinarin nan bai juya zanensa ba."

Sarki ya juya ga Liman.

"To, Malam, da wanne za mu fara, gidanka ko hubbaren?"

Liman ya jiƙe sharkaf da gumi. Sarki ya soke hukuncinsa, ya ce Liman ya roƙi gafara nan take. Sai ga mutumin da bai taɓa amsa gaisuwar mai shara ba a durƙushe gaban Tanimu. Tanimu ya buɗe baki zai ce ya yafe, kuka ya ƙwace masa.