Sarkin da Ya Umarci Goma Sha Tara Ta Yi Magana

Masu littafi sukan fara da "an ce wani sarki". To ni nawa ba an ce ba ne. Da idon nan nawa na gani, wannan na dama, tun kafin yanar ido ta rufe shi. Wanda bai yarda ba ya je ya tono kakansa ya tambaye shi.

Wani sarki aka yi a ƙasarmu, mai yawan son ilimi, mai ƙarancin haƙuri da surutu. Zamanin nan fadama tana amsa sunanta. Albasa ɗaya sai ta cika hular mutum, ruwa yana bi ta cikin lambuna yana 'yar ƙara, da safe ƙamshin tumatir har bakin kasuwa. Yanzu wurin duk gidajen bulo ne, Allah Ya ji ƙan da. Mu manoman rani mu sittin da biyu ne, kuma duk Juma'a in an sauko daga masallaci sai mu cika zauren sarki da ƙara. Wane ya toshe mini hanyar ruwa, wane ya yi ban-ruwa ranar da ba tasa ba. Ni kaɗai nakan cinye rabin zaman, don Allah bai hore mini gajeriyar magana ba.

Ana nan sai aka kawo kwamfuta fada. Ba irin 'yan firit ɗin nan naku na aljihu ba. Wannan ƙarti huɗu suka ɗauko ta, allonta baƙi, rubutunta kore, in ta kama aiki tana gurnani kamar raƙumi mai ciwon ciki. Aka ɗauko wani Zailani daga birni don ya kula da ita, mutum mai sanyin murya, ya tare da matarsa da 'ya'yansa uku da tsohuwarsa.

Sarki ya zauna kwana uku Zailani yana koya masa yadda ake ba ta umarni: a rubuta abu, a sa ɗigo, a rubuta aikin da ake so abin ya yi. Rana ta huɗu sarki ya ce ya ƙware. Ya ce daga yau an huta da hayaniyar manoma, a zuba mu cikin na'ura, kuma ba sai da suna ba, lamba ta isa. Ni aka ba ni goma sha tara. Aka rufe zaure. Sarki da yatsansa mai zobe ya rubuta goma sha tara, ya sa ɗigo, ya rubuta: faɗi kukanka.

Na'ura ta yi gurnani, ta fito da layi ɗaya. Zailani ya fassara a hankali, ya ce ta ce wannan lamba ce tsura, ba ta da wannan aikin. Sarki ya gwada ashirin, ya gwada ashirin da ɗaya, har sittin da biyu. Amsa ɗaya.

Fadawa suka ce ai Zailani ne ya ɗaure mata baki. Sarki ya tambaye shi ko na'urar ce ta lalace, ya ce lafiyarta lau. Ya ce to kai ne ka yi kuskure? Ya ce a'a. Ya ce to wa? Zailani ya sunkuyar da kai, don mutum ɗaya ya rage a lissafin, kuma shi ne mai tambayar. Sarki ya ce ya ba shi zuwa Juma'a. In lamba ba ta yi magana ba, ya kwashi iyalinsa ya bar masa ƙasa.

Juma'a ta zo. Aka tara mu a ƙofar fada mu shaida korar, ni kuwa na kutsa har na samu gefen ginshiƙi. Tsohuwar Zailani tana zaune a waje kan ƙullin kayanta. Sai ga Baba Cindo mai gyaran rediyo a bakin kasuwa, wanda aka ce ya taɓa aiki da irin waɗannan na'urori a wata ƙasa kafin ya dawo gida ya zaɓi rumfar kara. Ya yi gaisuwa, ya nemi izinin tambaya ɗaya.

Ya ce, "Ya sarki, mene ne abin da ake ƙara shi, ake rage shi, ake gwada shi da ɗan'uwansa, amma ba a aikensa?"

Sarki ya ce shekaru. Baba Cindo ya ce an yi kusa. Sarki ya ce tsawon igiya. Ya ce nan ma an yi kusa, duk 'ya'yan uwa ɗaya ne. Sai ya roƙi sarki ya aiki dogari ya kawo ruwa. Dogari ya tafi da gudu ya dawo da moɗa. Tsohon ya tsoma yatsa a ciki, ya rubuta goma sha tara a daɓe.

"Ya sarki, yanzu aiki wannan ta mayar da moɗar."

Wani bafade ya yi dariya, ya tuna inda yake, ya mai da ita tari. Sarki ya ce ai wannan lamba ce, ba ta da ƙafa.

Baba Cindo ya ce, "Dogari yana da suna, yana da kunne, yana da ayyukan da aka san shi da su, shi ya sa in an ce yi yakan yi. Ita kuwa yawanta kawai ta sani. Haka yake a cikin na'ura, Allah Ya ba ka nasara. Akwai abin da aka gina shi da ayyukansa a jikinsa, akwai kuma lamba tsura irin wannan. Duk mai koyo sai ya yi wannan tuntuɓen, ni ma na yi shi har na zagi na'ura da uwarta."

Sarki ya daɗe yana kallon rubutun yana bushewa. Can ya ce ashe duk fadar nan na'ura ce kaɗai ta gaya masa gaskiya.

Tsohon ya ce, "Akwai wanda ya riga ta sani. Sai dai shi ma an ajiye shi ne yadda aka ajiye manoma, ana ƙirga shi, ba a ba shi baki ba."

Sarki ya juya wurin Zailani, ya ce ya yi masa aman, ba abin da zai same shi, ya faɗi inda kuskuren yake. Zailani ya matso, ya ɗora yatsa kan allo, daidai layin da sarki ya rubuta da hannunsa. Ya ce ana iya gina wa kowane manomi gurbi a ciki, da sunansa da gonarsa da wurin ajiye kukansa, amma kukan sai an ji shi daga bakin mai shi tukuna.

Sarki ya sa aka kwance wa tsohuwa ƙullinta, aka raka ta gida. Ya sa aka buɗe zaure. Sannan ya faɗi maganar da har yau nake ji a kunnena: "Sarkin da ya mai da mutanensa lamba, ranar da ya nemi gaskiya shiru zai ji."

Daga nan ya ce wa ke da goma sha tara? Na fito daga bayan ginshiƙi na ce ni ne Mati, ranka ya daɗe. Na zuba masa kukana tun daga la'asar har rana ta yi ja, bai katse ni ko sau ɗaya ba. Da na gama ya tuɓe alkyabbarsa ya yafa mini a gaban jama'a.

To, tsakani da Allah, alkyabbar nan ni na ƙara. Goro ɗaya ya ba ni, shi ma da sankara a ciki.