Ƙugiyar da Ba Ta da Alama

An yi wani mutum, ya 'yan'uwa, maƙeri ne da Allah ya yi wa baiwar kunne. In ya gama aiki sai ya rataye ƙarfen da zare, ya ƙwanƙwasa shi da 'yar guduma, ya karkata kai yana sauraro. Lafiyayyen ƙarfe yakan daɗe yana amo. Mai aibi a ciki kuwa amonsa gajere ne, kamar tarin mai mura. Har matarsa takan ce da ita ƙarfe ce da ta more miji.

Ƙugiyoyi yake yi, irin waɗanda makanikai ke rataya inji da su. Duk wadda kunnensa ya yarda da ita, sai ya buga mata alamarsa, wani ɗan tauraro a gindinta.

Ku dubi ikon Allah. Ƙarfe ba dunƙule ɗaya ba ne yadda ido ke gani. In aka karya shi za a ga ƙwayoyi ne kamar gishiri, riƙe da juna. In an gasa shi an yi ta duka, ƙwayoyin sukan ƙanƙance, su kwanta su bi lanƙwasar ƙugiya kamar jijiya. In kuwa narka shi aka yi aka zuba a yashi mai laima, tururi yakan maƙale a ciki, ya bar rami kamar kan allura. Waje sumul, ciki kogo.

Wata damina wani dillali ya zo yana son ƙugiyoyi da yawa, da gaggawa. Dukan ƙarfe yana cin lokaci, zubi kuwa nan da nan ne. Maƙerin ya yi zubi, yashin bai gama bushewa ba. Da suka huce ya ƙwanƙwasa ta farko, ta yi tari. Ya bi sauran, duk haka.

Dillalin ya yi dariya ya ce, "Haba Baba, kiɗa za a yi da su? Kaya za su ɗauka."

Maƙerin ya goge su, ya shafa musu baƙin fenti, amma bai buga musu tauraronsa ba. Ya ce a ransa, in wata ta karye, ba mai zuwa ƙofarsa. Kun ji inda zunubin yake? Ba kuskure ya yi ba. Ya ji, ya sani, ya ɓoye hannunsa.

Shekaru suka wuce shiru, har ya manta. Amma ramin bai manta ba. Ashe ƙarfe ma yana gajiya. Duk lokacin da aka ɗaga kaya, tsaga takan fito daga bakin ramin ta matsa gaba kaɗan, bai kai silin gashi ba. Ba ƙara, ba alama. Wa zai gani, tunda fenti na nan yana sheƙi?

Babban ɗansa makanike ne. Wata safiya yana kwance ƙarƙashin injin babbar mota da aka rataya, ƙugiya ta tsinke. Ya rayu, amma ƙafafunsa ba su ƙara ɗaukarsa ba.

Mai garejin ya kawo wa uban ɓarin ƙugiyar, ya roƙe shi ya duba, tunda shi ya san ƙarfe, ko zai gane wane marar tsoron Allah ne ya yi wannan aiki. Ya karɓa. Ga ɗan ramin a tsakiya. Ga layuka sun kewaye shi kamar inda aka jefa tsakuwa a ruwa, na ciki sun yi tsatsa, na bakin suna ƙyalli. A gindin kuma, inda tauraro ya kamata ya zauna, ga sawun gugarsa. Mutum ba ya kasa gane hannunsa.

Da ya shiga ɗakin da ɗan yake kwance, ɗan ya kama hannunsa ya ce, "Kar ka damu, Baba. Laifina ne. Kullum ina cewa zan zo in karɓi taka. Da taka ce da ba ta karye ba."

Wace wuta ce ta kai wannan magana zafi?

Sai ya tuna ba ita kaɗai ba ce. Ya nemi dillalin, aka ce ya daɗe da rasuwa, kayan kuma sun watsu hannu zuwa hannu. Yaya zai gane su? Da hannunsa ya hana su alama, baƙar ƙugiya kuwa duk kamarsu ɗaya.

Ya rufe maƙera. Ya ɗauki 'yar gudumarsa yana bin gareji gareji, yana roƙon a bar shi ya ƙwanƙwasa. Makanikai suka ce baƙin ciki ne ya taɓa tsohon, suka riƙa sauke masa ƙugiya don tausayi. Sai dai tsufa da ƙarar maƙera sun riga sun cinye kunnen. Ya buga, ya karkata kai, mai kyau da marar kyau duk tari suke yi masa. Ya tsaya yana kallon wani matashi na shiga ƙarƙashin inji, bai san ko tasa ce ke riƙe da injin ba. Da yamma ya koma gida ya tarar da matarsa tana juya ɗansu a kan gado. Ta daina yi masa barkwancin ƙarfe.

Ya 'yan'uwa, haka ha'inci yake. Ɗan rami ne da ka rufe, ka ga an wuce lafiya, alhali yana ci a ɓoye. Ba kai ke zaɓar ranar da zai karye ba, ba kai ke zaɓar wanda ke kwance a ƙasa ba. Duk aikin da kake jin kunyar sa masa alamarka, kada ka bari ya fita daga hannunka. Ƙofar tuba a buɗe take, wannan gaskiya ne. Amma mutumin nan ya tuba da hawaye, ƙugiyoyinsa kuwa suna nan rataye a kan 'ya'yan mutane.

Ya Allah, ka tsare hannayenmu daga aikin da ba za mu iya janyewa ba. Allah ya kiyaye mu, ya kiyaye mutane daga gare mu. Amin.