Kukan Birki a Gangaren Kasuwa

An yi wani bawan Allah a wani gari, shekarun baya, ana ce masa Malam Nomau. Tsohon direban babbar mota ne. Da ƙarfi ya ragu sai ya ajiye tuƙi, ya kafa teburin rake a gindin wani gangare, daidai inda mata da yara ke tsallaka titi su shiga kasuwa. Bai taɓa roƙon kowa ba. Ku riƙe wannan, jama'a, bai taɓa roƙon kowa ba.

To, a saman gangaren akwai wani matashi, Nazifi, ɗan masu hali, yana da wata jar mota irin ta tsere, mai ƙofa biyu, cikinta kamar ya taɓa ƙasa. Da ita yake fita kullum. Ya ba ta wuta, ya danne birki, ya ba ta wuta, ya danne birki. Takalman birkin da za su yi wa mai tuƙin hankali shekara biyu, a irin wannan ƙafa 'yan watanni suke yi.

Wata safiya motar ta sauko, Malam Nomau yana fere rake, sai wuƙar ta tsaya a hannunsa. Wani siririn fito ya ji daga tayar gaba. Ya san kukan nan. Takalman birki ne suka cinye, saura ƙiris ƙarfe ya hau ƙarfe.

Washegari ya fito bakin titi ya ɗaga hannu. Motar ta rage gudu, gilashi ya sauka kamar faɗin yatsa biyu, takardar kuɗi ta faɗo gabansa, mota ta wuce.

Ya ɗauki kuɗin ya kai wa ladan. Kashegari ya sake ɗaga hannu, aka sake jefo masa.

Ɗanliti mai shayi ya leƙo daga rumfarsa yana dariya. "Malam Nomau, ashe an canza sana'a ba a gaya mana ba? Raken ne ba ya tafiya?"

"Birkin yaron nan ya ƙare, Ɗanliti."

"To ai shi kenan. In an samu gobe a tuna da mu."

Malam Nomau ya hau gangaren da ƙafa har ƙofar gidan su Nazifi. Maigadi ya dube shi daga hula zuwa silifa, ya ce, "Baba, ranar Juma'a ake rabo."

"Ba rabo na zo ba, magana ce a kan mota."

"Duk haka ake cewa. Ka dawo Juma'a."

Da ya koma gida ya tarar da matarsa, Delu, ta haɗe rai. Ta ce, "Malam, har gidan surukan 'yarmu an kai labari wai kana tare motoci. Yau uwar mijinta ta aiko mana da tsaba. Da tsufanmu? Don Allah ka rufa mana asiri."

Ku saurara, a nan jarrabawar take. Ba yunwa ba ce, ba duka ba ne. Kunya ce. Malam Nomau ya dubi kwanon tsabar nan. Sai ya zauna, bai ƙara ɗaga hannu ba. Mota ta sauko, ya sunkuyar da kai a kan rakensa. Ta sake saukowa, ya sunkuyar. Fiton ya koma gurnani, kamar ana jan tukunya a kan siminti.

Ran nan ya ajiye wuƙa ya ce, "Su ce maroƙi, su ce mahaukaci. Yau sai na riƙe ƙofar motar nan na faɗa masa."

Ya kama hawa. Bai kai rabin gangaren ba sai ga jar mota ta taho. Ya kasa kunne, bai ji fito ba, bai ji gurnani ba. Ya ga fuskar Nazifi ta cikin gilashi, baki buɗe. Tsohon nan ya juya da gudu yana ihu, "Ku kauce, babu birki!" Mata suka zubar da kwanuka, aka fizge yara. Saura wata tsohuwa a tsakiyar titi da tulu a ka. Nazifi ya karya kan motar, ta daki bakin kwalbati, ta kife.

Malam Nomau ne ya fara isa, shi ya jawo shi waje. Yaron ya rayu, amma bai ƙara taka ƙasa da ƙafarsa ba.

Bayan kwanaki ya je duba shi asibiti. Nazifi ya ƙura masa ido ya ce, "Baba, ba kai ne mai ɗaga mini hannu ba? Ka yi haƙuri, yau babu komai a jikina."

"Ɗana, ba kuɗinka nake nema ba. Kukan birkinka na ji, shi nake son gaya maka. Da aka yi mini dariya sai na ji kunya na zauna. Gafararka na zo nema."

Nazifi ya juya fuskarsa bango, hawaye na zuba, ya ce, "Kai ka yafe mini, Baba. Ko sannu ban taɓa ce maka ba."

To, 'yan'uwa, kowa ya duba inda yake a labarin nan. Idan kai ne ka ga haɗari ya nufo ɗan'uwanka, ka faɗa masa yau, ko za a yi maka dariya. Kunyar da ta hana ka ceton rai ba ta alheri ba ce. Idan kai ne a cikin mota, ka sani ba duk talakan da ya ɗaga maka hannu ne yake roƙonka ba. Wani ya zo ba ka ne. Ka tsaya, ka gaishe shi, ka ji abin da ya kawo. Idan kuwa kai ne a rumfar shayi, ka kama bakinka, domin dariyarka tana iya zaunar da mutumin kirki a ranar da ake buƙatar ya tashi. Allah Ya ba mu kunnen jin nasiha tun muna tsaye da ƙafafunmu.