Yadda Kabewar Tasalla Ta Hau Jinka

Dalilin da ya sa kabewa take barin ƙasa ta haye kan ɗaki, ta baje a can kamar ita ta yi jinkar, shi zan gaya muku yau, in dai za ku daina tonon miyar nan da yatsa. Babu nama a ciki. Ba mantuwa aka yi ba, ba a sa ba ne. Kai Ɗanlami, fitar da hannunka ka buɗe kunne.

A da can kabewa ba ta san hawa ba. A ƙasa take jan ciki, bayan gida, kan juji, inda ake zubar da toka da ruwan wanke-wanke. Ba mai cin ta sai awaki da jakuna. In ka ce wa mutum ya ci kabewa, to ka zage shi ke nan, sai an shiga tsakaninku.

A wancan zamani akwai wani gari, Gangaren Marke, da suke da wata al'ada mai suna yankan sanyi. Da zarar an gama kai amfanin gona gida, sanyi ya fara cizon yatsu da safe, sai Sarkin Pawa ya ɗauki igiya ya shiga gari. Gidan da zagaye ya faɗo kansa ya ba da dabba guda, a yanka a dandali, a kasa, kowane gida ya ɗauki kashinsa. Kai da fata kuwa na Sarkin Pawa ne. Wai a cewarsu, duk wanda sanyi ya tarar ba romo a cikinsa, sai ya kwantar da shi. Haka suka taras, haka suke yi, ba wanda ya taɓa tambayar dalili.

To, a garin akwai wata tsohuwa, Tasalla, 'yar firit da ita, amma in ta buɗe baki sai ka nemi wurin ɓuya. 'Yarta guda ɗaya, Yalwa, ta rasu wurin haihuwa a farkon damina, ta bar jariri namiji, aka riƙa kiransa Talle. Uban yaron ya tafi fatauci, ko labarinsa babu. Aka nemi mai shayarwa, ba a samu ba. Abin da ya riƙe ran yaron nan jar akuyar Tasalla ce, wadda kura ta ɗauke wa ɗa. Tsohuwa ta tatsa, ta ɗumama, ta ɗura masa da ɗan ludayi, safe da rana da yamma. Daminar nan kaf a goyo ta ƙare mata. Ciyawa ta cinye gonarta, geron da ta girba bai ko rufe gindin rumbu ba.

Sai kuma ga zagaye ya faɗo gidanta.

Sarkin Pawa, wani ƙato mai suna Jatau, ya yi sallama da igiya a kafaɗa. Ya tarar da ita tsugune tana tatsa, Talle na bayanta.

"Iya, barka da hantsi. Zagaye ya zo gidanki."

"Ya zo ya gaishe ni, sai ya wuce," in ji Tasalla. Ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Iya, ba wasa ya kawo ni ba. Kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Shekara da shekaru kina cin na mutane."

"Na ci, Jatau, na kuma bayar. Tunkiyata tana ina? Bunsuruna fa? Kai ka ja su da igiyar nan, ban ce uffan ba. Wannan kuwa uwa ce. Ka taɓa jin an yanka uwar wani an raba wa gari?"

"Akuya ce dai, Iya."

"Tambayi na bayana."

Jatau ya taka zai kwance turke. Tasalla ta miƙe ta ɗauki muciya, ta tsaya tsakaninsa da akuyar. Ba ta kai masa ko hammata ba, amma shi ne ya ja da baya.

Magana ta kai gaban Maigari Nomau. Shi ba mugu ba ne, tsoro ne ya yi masa yawa. Ya san in aka ɗaga wa gida ɗaya, gobe goma za su zo da uzuri. Aka tara jama'a a ƙofar gidansa, ya yi ta lallashi.

"Tasalla, ki yi haƙuri. A dama wa yaron koko mana."

"Ranka ya daɗe, na gwada. Cikinsa ya ƙi, har sai da idonsa ya faɗa. Ba zan sake ba."

"To al'adar fa?"

"Al'ada ba ta kuka da yunwa, ranka ya daɗe. Shi yana yi."

Maigari ya shafa gemu, ya sake shafawa, sannan ya yanke hukunci. Tun da ta fitar da kanta daga bayarwa, ta fita daga karɓa: ba tsoka, ba ƙashi, ba romo. Kuma daga ranar har sanyi ya wuce, in aka ga ta roƙi wani abu a wurin ɗan garin nan, ko ta karɓa, ko da gishiri ne, to akuya ta zama ta gari. In ta fita sanyi da ƙafarta, akuya tata ce har ta mutu don kanta.

"Kin ji?" in ji Jatau, yana murmushi. "Ba romo."

"Na ji, Jatau. Ka sha nawa, ka ƙara a kan naka."

Ta dawo gida zuciyarta na tafasa, amma da ta leƙa rumbu sai tsoro ya kama ta. Tsoro na gaske. Ba kanta take ji ba. In ita ta rasa abinci ta faɗi, wa zai yi wa akuya ciyawa? In akuya ta ƙafe, Talle ya bi uwarsa. Ta zagaya bayan ɗaki don kada kowa ya ga fuskarta, sai ta yi tuntuɓe da wata ƙatuwar kabewa a kan juji. Ta tsaya tana dubanta. Ta ce a ranta, abin da akuya ta ci ta ba da nono, ai ba guba ba ne.

Ta fasa ta, ta fere, ta jefa a tukunya. Da ta yi laushi ta farfasa ta da ludayi, ta tsinko yakuwa a jikin danga, ta daka 'yar gyaɗar da ta yi kala, ta sa daddawa da barkono. Ta ɗanɗana, ta sake ɗanɗanawa. Ta zauna ta cinye tuwonta tas, ta suɗe akushi, ta ba akuya ɓawon. Washegari ta yi fate da tsaki da wake. Mata suna leƙe ta danga suna ƙus-ƙus, wai tsohuwa ta zama jaka, tana cin abincin juji. Ita kuwa ko a jikinta, an tsikari kakkausa.

Jatau ya jira ya ji an ce ta kwanta, shiru. Ya jira ya ga ta fito da ƙoƙo, shiru. Abin da ya fi ci masa rai, wasu gidajen sun fara tsayar da shi a zaure suna ja masa magana kafin su ba da dabba. Ya ga in tsohuwar nan ta fita sanyi lafiya, kai da fata sun kusa ƙare masa.

Kun san dabbobi a ɗaure suke kwana da wuni duk damina, sai an gama girbi mai shela ya yi shela, sannan a sake su. Ranar da aka yi sakin, Tasalla tana jeji kalar gyaɗa, da goyonta da akuyarta. Jatau ya yaye wani sashe na dangarta, ya kora garkensa ciki.

Ko da ta dawo, awaki sun cika bayan ɗaki. Yakuwa ta zama tsinke. Manyan kabewar an fafake su, an tattake, an yi kashi a kai. Ta bi su da muciya tana duka har numfashinta ya sarƙe. Da wuri ya lafa, abin da ya rage yaɗo ɗaya ne tak da ya maƙale a gindin bango, da 'yan 'ya'ya a jiki kamar ƙwan zabo.

Ta gyara danga, ta san gobe za a sake yaye ta. Ta dubi ƙasa, ba inda baki ba zai kai ba. Sai ta ɗaga kai ta dubi jinkar ɗakinta.

Akwai tsani a gidan maƙwabciyarta Delu, amma aro ma roƙo ne. Ta kwantar da Talle a jikin akuya, ta mirgino turmi ta kife, ta hau. Ta ɗaga yaɗon nan a hankali ta shimfiɗa a kan ciyawar jinka. Ya zamo. Ta sake ɗorawa, ya sake zamowa, don a lokacin kabewa ba ta da abin kama komai. Tasalla ta sauko ta shiga ɗaki, ta ɗauko mazarinta. Zaren da ke jiki shi ta daɗe tana kaɗi don a saƙa wa Talle mayafin sanyi. Ta dube shi, ta ce cikin yaro ya fi bayansa, zanenta ma ya ishe su lulluɓa. Ta koma kan turmi, tana gutsure zare da sauran haƙoranta, tana ɗaure yaɗon gaɓa-gaɓa a jikin jinka, tana yi wa kabewar faɗa kamar tana yi wa jika.

"Hau. Na ce ki hau. Kin zauna a ƙasa shekara da shekaru, kowa ya zo ya taka ki ya wuce, me ya ƙare ki da shi? Ni ma haka na zauna. Riƙe nan. Duk wanda ya ja ki, kada ki saki."

Kwanakin da suka biyo baya su ne masu wuya. Awaki su shigo su yi ta miƙe wuya, su gaji su fita. Amma 'ya'yan kabewa ba su nuna ba. Tasalla ta koma kunun tsaki tsararo sau ɗaya a wuni, dusa da harawa duk na akuya, ruwan wanke-wanke na gindin kabewa. Ta rame har zanenta yana zagaye ta sau biyu. Nono ya ragu, Talle ya fara kukan da ba ya da ƙarfi. Wata safiya Delu ta ziro ƙoƙon romo ta ƙasan danga, yana tururi, ƙamshinsa ya doki hancin tsohuwa har yawunta ya tsinke.

"Karɓi, Iya, don Allah. Ba wanda ya gani."

"Ni na gani, Delu. Allah ya saka miki. Janye abinki kafin ya huce."

Ta juya baya don kada idonta ya ci amanarta, sai ta ga kan ɗaki ya rufe da ganye. Ta hau turmi ta duba. Zaren da ta ɗaura babu fari ko ɗaya, duk sun zama kore shar, suna da rai, a murɗe kamar yadda suka fito daga mazari. Wasu sababbi ma sun tsiro da kansu suna lalube suna kama ciyawa. A ƙarƙashin ganye kuwa ga kabewa nan jibga-jibga, sun sha rana sun yi ja, ba baki ba kofato a jikinsu.

Ranar ta yi taushe har da ƙari. Ta ci, akuya ta ci, nono ya dawo.

Shi nama, kun sani, ba ya daɗewa. Zagayen yanka ya ƙare, sanyi kuwa yana nan daram. Gari ya koma tuwo da kuka tsura, ga ƙamshin taushe yana fitowa daga gidan da aka ce za a ɗauki gawa. Delu ce ta fara zuwa, tana sunkuyar da kai, da ƙoƙon nan nata. Tasalla ta cika mata shi, ta ɗora mata 'ya'yan kabewa na iri a kai. Sai ga wata, sai ga wata. Har matar Jatau ta zo, ta lulluɓe fuska wai kada a gane ta. Tasalla ta gane ta sarai, ta zuba mata fiye da na kowa, ta ce ta gaida maigidan.

Da sanyi ya kwashe kayansa, Maigari ya zo da kansa, Jatau na biye da cinyar rago a faranti, ta sulhu. Suka tarar da Talle a tsakar gida, ɓul-ɓul da shi, ya kama wuyan akuya ya miƙe tsaye a kan ƙafafunsa, yana ɓangala musu dariya da haƙora biyu.

"Tasalla, kin fita," in ji Maigari. "Akuya taki ce. Ga wannan, a manta da abin da ya wuce."

"Na gode, ranka ya daɗe, amma a mai da shi. Na ga sanyi, sanyi ya gan ni, ba wanda ya kwanta. A kai wa mai tsoronsa."

Jatau ya ɗauki farantinsa ya fita. Ita kuwa ta raka Maigari har zaure, ta dawo, ta zagaya bayan ɗaki. Tun ranar da aka binne 'yarta ba ta samu sararin kuka ba. Nan ta zauna a kan turmi ta yi shi, mai isarta, tana cewa, "Yalwa, ɗanki ya tsaya. Kin ji? Ya tsaya."

Shi ya sa har yau, da sanyi ya fara shigowa, za ku ga kabewa a kan ɗaki tana nuna, mu kuwa mu sauke ta mu yi taushe da yakuwa da sabuwar gyaɗa, ba mu tambayi mahauci komai ba. Kuma shi ya sa ko a tsakiyar fili ka shuka ta, sai ta yi ta lalube da murɗaɗɗen zarenta har ta sami abin hawa. Gobe da safe ku je ku ja zaren nan daga jikin jinka ku gani. Sai dai ya tsinke, ba ya saki.