Nusaiba a Kan Tankin Ruwa

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ba mai tashi sai an yanke ta.

A Funtua akwai wata mata, Saude, mai 'ya ɗaya tak, Nusaiba, 'yar shekara shida. Mijinta direban babbar mota ne, sai ya yi wata bai leƙo ba, don haka tana zaune a gidansu da 'yan'uwanta maza uku. Abin da ya hana gidan nan sakat shi ne wani katun da ake nunawa a talabijin, na wata Jaruma Marwa mai koren hijabi da alkyabba, wadda da ta yi bismillah sai ta tashi sama ta je ceton mutane.

Babban yayan Saude, Malam Hamisu, malamin Islamiyya, ya tsani katun ɗin nan. Cewa yake ana koya wa yara cewa bismillah man jirgi ce. Don ya tara hujja, bai taɓa bari kashi ɗaya ya wuce shi ba. Zai zauna da biro da littafi yana rubuta kurakurai, in abin ya yi daɗi har ya manta da biron. Mai bi masa, Tasi'u tela, ya ce ai tun da Marwa ta shigo gidan yarinyar ta daina faɗa wa mutane ɗaki ba sallama, har ya ɗinka mata koriyar alkyabba. Autansu Sabitu kuwa babu ruwansa, shi dai a gama a miƙo masa rimot ya kalli ƙwallo. Saude ta gaji da musun nan har wuya.

Wata Asabar da hantsi tana tankaɗe a tsakar gida, sai ta ji murya daga sama: "Umma, kalle ni!" Ta ɗaga kai. Ga Nusaiba can ƙolin tankin ruwa, sanye da alkyabba, ta ware hannuwa. Rariya ta suɓuce wa Saude, ta kurma ihu: "Wayyo ni Allah! Duk wanda ya sauko min da ita lafiya, wallahi maganarsa za a bi a kan talabijin ɗin nan!"

Malam Hamisu ne ya fara fitowa, ko takalmi babu. Bai ce mata ta sauko ba, ya san ba za ta ji ba. Ya ce, "Ke Nusaiba! A kashi na sha bakwai, da Marwa ta tashi ba alwala, me ya faru?"

"Ta faɗa kwata, Kawu."

"To ke kina da alwala?"

"Na yi da safe."

"Bayan ɗan waken da kika ci, tana nan?"

Yarinya ta sauke hannuwa. Saude ta fara samun numfashi. Sai dai Malam ya manta a kan me take tsaye. Nusaiba ta juya, ta buɗe murfin tanki, ta fara wanke hannu.

Tana alwala, Tasi'u ya lallaɓa ya kama tsani, ga tumbi ga haki, yana hawa yana salati. Daidai lokacin da ya isa sama, ta gama wanke ƙafa, ta yi bismillah, ta daka tsalle. Ya kai hannu ya cafko gefen alkyabba. Ɗinki biyu ya yi mata, ba ta yage ba. Yarinya ta yi ta lilo a sama, amma igiyar kafaɗa ta fara kwancewa, shi kuma ba ƙarfin janyo ta.

Sabitu fa tun farko ba a gan shi a wurin ba. Ashe ɗakin Saude ya faɗa, ya jawo sabuwar katifarta, ya bi ta kan garin da aka tankaɗe, ya wurga ta ƙarƙashin tanki. Bai gama sakin ta ba igiya ta kwance, Nusaiba ta faɗo tsakiyar katifa dam.

Saude ta rungume ta tana kuka, hannu ɗaya na shafa kai, ɗayan na neman bulala. Nusaiba ta zame, ta dubi kawunanta, ta ce, "Kun gani ko? Na yi alwala, na yi bismillah, na tashi, kuma ban ji ciwo ba!"

Sai aka zo kan rantsuwa. Malam ya ce da bai tsayar da ita ba, da ta yi tsalle kafin kowa ya motsa, don haka daga yau an hana katun. Tasi'u ya ce ai da ilimin katun ɗin ya tsayar da ita. Shi kuwa da bai riƙe ta ba, da katifa ta iso ta tarar an gama, don haka a ci gaba da kallo. Malam ya ce wa ya ɗinka alkyabbar? Sabitu ya ce duk surutunsu da ƙasa za ta haɗu in ba katifa, don haka a kai talabijin ɗakinsa, mai son kallo ya zo ya zauna kusa da shi, bayan an tashi ƙwallo. Malam da Tasi'u suka haɗa baki suka tambaye shi: wa ya duba ruwa jiya ya bar tsani a jingine?

Saude ta riga ta rantse, ba ta da halin janyewa, kuma ta san in ta bi maganar da ba daidai ba, wata rana ba kowa a gida yarinyar nan za ta sake hawa wani abu. Ga ta can ma tana kakkaɓe alkyabba, tana kallon rufin ɗaki.

To, ku da kuke zaune, wane ne a cikin ukun nan ya ceci Nusaiba, har Saude za ta bi maganarsa?